MANU DIBANGO: MAKAƊIN KAMARU DA BAYAN FAIFANSA YA ZAGA DUNIYA

Cikin shekarar 1949 wani jirgin ruwa ya tashi daga Duwala, babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Kamaru, ya nufi Marsel ta ƙasar Faransa. A cikin fasinjojinsa akwai wani yaro ɗan shekara 15 wanda iyayensa suka tura neman ilmi, kuma a cikin 'yan komatsansa akwai kilo 3 na gahawa. A wancan lokaci ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, gahawa tana wuyar samu a Turai, saboda haka da ita aka shirya zai biya masu masaukinsa kuɗin watannin farko. Burin mahaifinsa shi ne yaron ya komo gida da takardar shaida ya zama babban ma'aikaci. Yaron kuwa bai komo da takardar ba. Ya komo da wani abin busa na ƙarfe da Turawa ke kira saksofon, wanda da shi ya sa aka san sunan Kamaru a inda ba a taɓa jin labarinta ba.

Wannan yaro shi ne Emmanuel N'Djoké Dibango, wanda duniya ta sani da Manu Dibango. Labarinsa ya cancanci a ba da shi ga ma'aikata da ɗalibai saboda dalilai biyu. Na farko, yana nuna wani sashe na sana'ar kiɗa da jama'a ba su cika lura da shi ba, watau aikin mai tsara kiɗa. Na biyu, yana nuna yadda fasahar mutumin Afirka kan bar gida ta tara wa waɗansu dukiya, shi kuwa mai ita sai ya yi da gaske kafin a ambaci sunansa.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Manu Dibango a Duwala ran 12 ga watan Disamba 1933, lokacin da wannan sashe na Kamaru ke ƙarƙashin riƙon Faransa. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne ɗan ƙabilar Yabasi, mahaifiyarsa kuwa 'yar ƙabilar Duwala ce mai sana'ar ɗinki. Auren da ya haɗa ƙabilu biyu ba abu ne da dangi suka yi maraba da shi ba a wancan zamani, kuma shi kansa Dibango ya sha faɗin cewa tun yana ƙarami ya saba da zaman mutumin da ke tsakanin gida biyu. Iyayensa Kirista ne mabiya ɗariƙar Furotesta, kuma a majami'a ya fara sanin yadda ake haɗa muryoyi daban-daban su tafi tare ba tare da wata ta danne wata ba, domin mahaifiyarsa tana cikin masu bi da mawaƙan majami'ar. A gida kuma akwai garmaho, wanda yakan saurara a ɓoye in iyayensa sun fita.

Da ya isa Faransa aka sauke shi a wani ƙaramin gari mai suna Saint-Calais, daga nan ya yi karatu a Chartres, daga baya kuma a Reims. A cikin waɗannan shekaru na karatu ne ya koyi fiyano. A wani sansanin hutu da ake tara yaran Kamaru masu karatu a Faransa ya haɗu da Francis Bebey, wanda shi ma daga baya ya zama shahararren makaɗi kuma marubuci. Bebey ne ya ƙara buɗe masa ido game da jaz, watau kiɗan baƙaƙen fatar Amurka irin su Louis Armstrong da Duke Ellington. Ba a jima ba ya kama busa saksofon, har ya fara zuwa gidajen rawa a ƙarshen mako yana samun 'yan kuɗi.

To, an ce ba a gudu ana susar takashi. Cikin 1956 ya faɗi kashi na biyu na jarrabawar bakaloriya, wadda ita ce ƙofar shiga jami'a a tsarin Faransa. Da labari ya kai Duwala, mahaifinsa ya fusata ya yanke kuɗin da yake aika masa. Daga ran nan kiɗa ya tashi daga abin sha'awa ya zama hanyar cin abinci. Sai ya haɗa kayansa ya tafi Burasel, babban birnin Beljiyam, inda ya shiga aiki a gidajen rawa, kuma a can ya auri wata Baturiya 'yar ƙasar cikin 1957. Sun zauna tare har mutuwarta a 1995.

MENE NE AIKIN MAI TSARA KIƊA?

Kafin mu ci gaba ya kamata mu tsaya mu yi bayanin wannan sana'a, domin in ba a fahimce ta ba, ba za a gane inda gwanintar Dibango take ba. A kiɗan zamani akwai mutum uku da aikinsu ya bambanta, ko da yake wani lokaci mutum ɗaya kan haɗa duka. Akwai mai ƙaga waƙa, wanda ya fito da karinta da kalmominta. Akwai mai rerawa ko mai busawa, wanda jama'a ke gani a kan dandali suna tafa masa. Sa'an nan akwai mai tsarawa, wanda zai ɗauki karin nan tsirara ya raba wa kowane makaɗi nasa rabon: inda ganga za ta shigo, abin da jita mai babbar murya zai riƙa maimaitawa a ƙasa, lokacin da 'yan busa za su amsa wa mawaƙi da lokacin da za su yi shiru, tsawon gabatarwa, da yadda za a rufe.

A ƙungiyoyin makaɗanmu na gargajiya wannan aiki yana nan, sai dai da ka ake yin sa: uban ƙungiya yana nuna wa masu kalangu da 'yan amshi inda kowa zai faɗo, su kuwa su riƙe ta hanyar yawan maimaitawa. A Turai kuwa mai tsarawa yakan rubuta rabon kowa da alamomin kiɗa a takarda, ta yadda makaɗa ashirin da ba su taɓa ganin juna ba za su iya shiga ɗakin ɗaukar faifai da safe su fito da aiki kammalalle kafin la'asar. Da yake hayar ɗakin da awa ake biya, wanda ya iya wannan rubutu ba ya rasa aiki. Shekarun da Dibango ya yi yana kaɗa wa Turawa irin abin da suke so a gidajen rawa, daga tango zuwa jaz, su ne suka koya masa wannan horo.

HAƊUWA DA KABASELE

Abin mamaki shi ne a Burasel ne Dibango ya sake komawa ga kiɗan Afirka. A farkon 1960 aka yi taron shawarwarin 'yancin Kwango a birnin, shugabanni irin su Patrice Lumumba suka hallara. Tare da su aka zo da Joseph Kabasele, wanda ake kira Grand Kallé, shugaban ƙungiyar African Jazz, wanda waƙarsa mai suna Indépendance Cha Cha ta zama tamkar taken murnar 'yanci a ƙasashen Afirka da dama. 'Yan Kwango sukan taru da dare a gidan rawar da Dibango ke shugabantar makaɗa, nan suka san juna. Kabasele ya ɗauke shi suka ɗauki waƙoƙi masu yawa a faifai, waɗanda suka sami karɓuwa ƙwarai a Afirka.

Cikin 1961 ya bi ƙungiyar zuwa Leopoldville, wadda yanzu ake kira Kinshasa. Tafiyar da aka shirya ta 'yan makonni ta zama ta shekara biyu. Ya buɗe gidan rawa nasa mai suna Tam-Tam, kuma a 1962 ya fitar da Twist à Léo, wadda ta shigar da rawar tuwis ta Amurka cikin birnin. Da ya ga abin ya karɓe shi, sai ya koma gida Kamaru a 1963 ya buɗe wani gidan a Duwala. Amma a lokacin gwamnatin Ahmadu Ahijo tana fama da tawayen 'yan jam'iyyar UPC, an kafa dokar hana yawon dare, gidan rawa kuwa da dare yake ciniki. Bashi ya taru, sana'a ta karye. Tilas ya koma Faransa hannu wofi.

A Faris ya sake farawa daga ƙasa. Ya yi wa mawaƙi Dick Rivers kiɗa, sa'an nan ya shiga ƙungiyar Nino Ferrer yana kaɗa ogan, har Ferrer ya gane cewa mutumin nan gwanin saksofon ne kuma ya iya tsari, ya damƙa masa shugabancin makaɗansa. Cikin 1969 ya fitar da babban faifansa na farko mai suna Saxy Party.

WAƘAR DA KE BAYAN FAIFAI

Cikin 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin Kofin Ƙasashen Afirka karo na 8, aka yi wasanni a Yawunde da Duwala. Dibango ya nemi hukumomin wasanni su ba shi kuɗi ya yi wa gasar take, suka amince. To, ƙaramin faifan garmaho fuska biyu gare shi, in an sa taken a gaba dole a sami abin da za a cika baya da shi. Sai ya ɗauko makosa, wani kiɗan rawa na mutanen Duwala, ya ɗora shi a kan salon kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira sol, ya sa jita mai babbar murya yana maimaita gajeren kari guda, saksofon yana yanka ta sama, shi kuma da muryarsa mai kauri yana wasa da gaɓoɓin kalmar makosa, yana tsinka su yana maimaitawa. Ya sa mata suna Soul Makossa. Ya ba da labari cewa da mahaifinsa ya ji shi yana gwada ta a gida, sai ya yi mamaki ko in'ina ce ta kama ɗansa bayan duk kuɗin da aka kashe a karatunsa.

Gasar ba ta yi wa Kamaru daɗi ba. Kwango Barazabil ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe da ci 1 da nema, ta je ta ci Mali 3 da 2 ta ɗauki kofi. Ran 'yan Kamaru ya ɓaci, ba wanda ke son jin taken gasar, faifan ya kwanta.

Amma rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Waɗansu 'yan kwafi sun ƙetare teku sun isa Niyok. Wani mai shirya taron rawa, David Mancuso, ya tsinci ɗaya a wani kanti a unguwar Brooklyn ya riƙa sa wa baƙinsa. Daga nan Frankie Crocker, mai gabatar da shiri a gidan rediyon WBLS da baƙaƙen fata ke saurara, ya sa ta a iska. Jama'a suka ruga kantuna neman faifan, babu shi. Nan da nan ƙungiyoyin makaɗa da dama a Amurka suka kwaikwayi waƙar suka fitar da nasu, kowa na neman cin kasuwar kafin mai abu ya farga. Daga bisani kamfanin Atlantic ya sayi izinin fitar da ta ainihi, kuma cikin 1973 ta kai matsayi na 35 a jerin waƙoƙi 100 da suka fi kasuwa na mujallar Billboard, alhali kwaikwayon da wata ƙungiya mai suna Afrique ta yi shi ma yana cikin jerin a lokaci guda. Masana tarihin kiɗa suna lissafa Soul Makossa cikin waƙoƙin da suka share fagen kiɗan disko.

A wannan shekara Dibango ya yi wasa a zauren Apollo da ke Harlem, ya kuma hau dandali tare da ƙungiyar Fania All-Stars a filin wasa na Yankee. Cikin 1974 sunansa ya shiga cikin waɗanda aka zaɓa don takarar lambar Grammy, kuma ya halarci bikin kiɗan da aka yi a Kinshasa gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman. Yana da shekara 40 ke nan, bayan kusan shekara ashirin yana kiɗa a bayan waɗansu.

SHEKARUN GIRBI

Wani in ya sami irin wannan sa'a sai ya zauna yana maimaita abu guda har kasuwarsa ta mutu. Dibango bai yi haka ba. Cikin 1975 ya karɓi shugabancin ƙungiyar makaɗan gidan rediyo da talabijin na ƙasar Kodebuwa a Abijan, ya yi shekara 4 yana horar da matasa karatun alamomin kiɗa da ladabin aiki tare. Ya tsara kiɗan finafinai, ciki har da Ceddo na Usman Sembene ɗan Senegal a 1977. Ya tafi Jamaika ya yi aiki da Sly Dunbar da Robbie Shakespeare, gwanayen kiɗan rege, abin da ya haifi faifan Gone Clear a 1980. Cikin 1985 ya fitar da Electric Africa tare da Herbie Hancock.

Lokacin da yunwa ta auka wa Habasha a tsakiyar shekarun 1980, Turawa da Amurkawa suka yi waƙoƙin neman taimako. Dibango ya ga bai kamata 'yan Afirka su naɗe hannu suna kallo ba, ya tara makaɗan Afirka mazauna Faris, irin su Salif Keita da Mory Kanté, suka yi faifan Tam-Tam pour l'Éthiopie don tara gudummawa. Cikin 1989 ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, ya sa masa suna Trois kilos de café, watau kilo uku na gahawa, don tunawa da guzurin da ya bar gida da shi.

Aikin da ya fi nuna gwanintarsa ta tsari shi ne Wakafrika na 1994. A ciki ya ɗauko sanannun waƙoƙin Afirka ya sake musu tufafi, ya gayyato Youssou N'Dour na Senegal, da Salif Keita na Mali, da Papa Wemba na Kwango, da Angélique Kidjo ta Benin, da King Sunny Adé na Nijeriya, da ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo ta Afirka ta Kudu. Haɗa waɗannan manya a faifai guda, kowa da harshensa da salonsa, a kuma sa abin ya fito da murya ɗaya, aiki ne da sai wanda ya daɗe yana raba wa makaɗa rabonsu zai iya. A 2004 hukumar UNESCO ta naɗa shi jakadan zaman lafiya daga cikin masu fasaha.

Duk da haka bai tsira daga suka ba. Waɗansu a Afirka sun ce kiɗansa ya yi Turanci da yawa, waɗansu a Turai kuma suna so ya tsaya ga ganga da kalangu don ya dace da hoton Afirka da ke cikin kawunansu. Amsarsa a kullum ita ce shi ɗan wurare biyu ne, kuma ba wanda ke tuhumar Bature in ya kaɗa jaz.

RIGIMAR HAƘƘIN MALLAKA

A ƙarshen 1982 Michael Jackson ya fitar da Thriller, wanda Quincy Jones ya shirya, faifan da ya zama mafi kasuwa a tarihi. Waƙar farko a cikinsa, Wanna Be Startin' Somethin', ta ƙare da wani amshi da duk wanda ya san Soul Makossa zai gane inda aka samo shi. Ba a nemi izinin Dibango ba, ba a kuma rubuta sunansa ba. Ya ɗauki lauyoyi, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka sasanta a wajen kotu aka biya shi diyya.

Magana ba ta ƙare nan ba. Cikin 2007 mawaƙiya Rihanna ta fitar da Don't Stop the Music, ta yi amfani da wannan amshi bayan ta sami izini daga ɓangaren Jackson, ba tare da an tuntuɓi mai asalin abin ba. A farkon 2009 Dibango ya kai ƙara wata kotu a Faris yana neman diyya, amma kotun ta ƙi karɓar ƙarar, bisa hujjar cewa tun kafin nan an riga an daidaita a kan za a riƙa rubuta sunansa a jikin faifan da za a fitar a Faransa, shi kuma ya janye ƙararsa ta farko.

Abin lura a nan shi ne Dibango ya iya tsayawa ya yi wannan faɗa ne domin waƙarsa tana kan faifai mai kwanan wata da sunan mai ita, yana zaune a ƙasar da dokar haƙƙin mallaka ke aiki, yana kuma da halin biyan lauya. Makaɗan Afirka nawa ne aka kwashi karinsu aka yi kuɗi da shi, ba su ma ji labari ba? Wannan ne ya sa ya karɓi shugabancin hukumar kare haƙƙin makaɗa ta Kamaru, watau CMC, lokacin da aka kafa ta a 2003, ko da yake rigingimun cikin gida ba su bar shi ya daɗe a kujerar ba. Mu ma nan Nijeriya an yi dokar haƙƙin mallaka a 1970, aka sake ta a 1988, aka kuma sa hannu a kan sabuwa a 2023. Sai dai doka a takarda ba ta ƙwato wa kowa haƙƙinsa in shi bai san da ita ba, ko kuwa ma'aikatan da aka ɗora wa aiwatar da ita sun ɗauki kiɗa abin wasa.

ƘARSHENSA

Dibango bai ajiye saksofon ba har tsufansa. Ya yi shekaru yana gabatar da shiri a gidan rediyon Africa No. 1, inda yakan ɗauko tsofaffin faya-fayai ya ba da tarihin masu su, yana yi yana ƙyalƙyala dariyar nan tasa da aka san shi da ita. Cikin 2019 ya yi rangadin cika shekara 60 a sana'a, tare da babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turai. Ran 24 ga watan Maris 2020 ya mutu a wani asibiti kusa da Faris, yana da shekara 86, sakamakon cutar korona, yana cikin fitattun mutane na farko da annobar ta ɗauka. Saboda dokar hana taro, iyalinsa kaɗai suka halarci jana'izarsa.

Kada ɗalibi ya karanta wannan labari ya ce ashe faɗuwa jarrabawa ba kome ba ce. Dibango ya faɗi bakaloriya, amma bai daina karatu ba: ya koyi rubutun kiɗa, ya yi shekara da shekaru yana aiki a ƙarƙashin waɗansu, ya karye a Duwala ya sake tashi, kafin waƙar da ya yi don cike bayan faifai ta buɗe masa ƙofa. Da ƙofar ta buɗe kuwa, ta tarar da shi a shirye. Ga ma'aikatan da ke riƙe da ofisoshin al'adu da gidajen rediyo kuma, tambayar da ta rage ita ce ko an rubuta sunayen masu waƙoƙin da ke jibge a ɗakunan ajiyarmu, da ranar da aka ɗauke su, ta yadda in wata rana wani ya ɗauki karin ɗayansu ya kai kasuwar duniya, za a sami hujjar da za a nuna.